Yadda Jiniyar Kakuri Ta Yi Shiru: Nazari Kan Durƙushewar Masaƙun Kaduna

Wanda ya zauna a Kaduna ta Kudu a shekarun 1970 zuwa 1980 bai cika damuwa da agogo ba, jiniyar masaƙa ke gaya masa lokaci. Da ta yi kuka, masu aikin dare su fito, masu aikin safe su shiga, kekuna su cika titin Kakuri da Makera har mai mota ya rasa inda zai ratsa. A bakin ƙofa masu ƙosai da kunu da masu shayi sun riga sun kafa, telan unguwa da mai gidan haya da mai kanti kowa ya san ranar albashi kamar shi ne ma'aikacin. Yau ciyawa ta rufe yawancin waɗannan harabobi, rufin wasu ya zube, injinan da suka rage sun yi tsatsa.

Idan ka tambayi mutane abin da ya kashe masaƙun, amsar da za ka fi ji ita ce kayan Sin da fasa-ƙwauri. Akwai gaskiya a ciki. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan bango ya fara tsagewa ne tun kafin dilan atamfar farko ta iso daga birnin Guangzhou na Sin.

Inda aka faro

Saƙa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa, Kano da garuruwan da ke kewaye da ita suna kaɗi da saƙa da rini, turkuɗin Kura yana kaiwa Agadas da ƙetaren Sahara. Abin da Turawa suka zo da shi wani lissafi ne daban: a noma auduga a nan, a gurje ta, a ɗora a jirgin ƙasa zuwa Legas, a kai masaƙun Lankasha, sannan yadi ya dawo a sayar wa wanda ya noma. Don haka ne aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta BCGA a Ingila a 1902, ita ce ta gina gidajen gurzar auduga a wurare irin su Zariya da Funtuwa da Gusau da Malumfashi.

Gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta so ta juya wannan lissafi. Ta haɗa hannu da kamfanin David Whitehead na Lankasha, aka kafa Kaduna Textiles Limited, wato KTL, ta fara aiki a 1957. Ita ce babbar masaƙar zamani ta farko a Najeriya, kuma da akoko ta fara, yadin talaka wanda kasuwarsa ba ta mutuwa. Wani kaso mai yawa na jarin ya fito ne daga rarar kuɗin hukumar cinikin amfanin gona, wadda ke sayen auduga da gyaɗa a hannun manoma a farashin da ta yanke, ta sayar a waje da riba. Wato gumin manomin Funtuwa da Gusau ne ya gina masaƙar, ko da yake ba a taɓa rubuta sunansa cikin masu hannun jari ba.

Zaɓen Kaduna ba da ka aka yi shi ba. Ga kogi, kuma masaƙa tana shan ruwa sosai wajen wanki da rini. Ga mahaɗar layin dogo. Ga auduga a kusa. Ga gwamnati a gari. Nortex ta biyo baya a 1962. A 1964 iyalan Cha na Hong Kong suka kafa United Nigerian Textiles, UNTL, wadda daga baya ta zama mafi girma a ƙasar. Kamfanonin Japan suka zo da Arewa Textiles a tsakiyar shekarun 1960. Wutar Kainji ta iso a ƙarshen shekarun 1960, matatar mai ta Kaduna ta fara aiki a 1980, tana ba masaƙun baƙin man da suke hura tukwanensu na tururi da shi. Kakuri ta cika da masana'antu, har da kamfanin haɗa motocin Peugeot da ya buɗe a 1975.

Ma'aikatan sun fito daga ko'ina: Kudancin Kaduna, Binuwai, Filato, ƙasar Igala, Bendel, Katsina, Borno. Wani saurayi da ya zo daga ƙasar Edo ya sami aiki a Arewa Textiles, ya zama wakilin ma'aikata, ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa a 1982, ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, daga 1999, ya zama gwamnan Edo a 2008. Adams Oshiomhole ke nan. Hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙun a Kaduna take, ba a Legas ba, wannan kaɗai ya isa ya nuna nauyin garin a sana'ar. Ƙungiyar masu masaƙu ta sha faɗin cewa a tsakiyar shekarun 1980 akwai masaƙu kusan 175 a faɗin ƙasar, kuma a cikin masana'antun sarrafa kaya babu wadda ta kai su ɗaukar ma'aikata.

Shekaru 20 a bayan katanga

Wajen 1977 gwamnatin soja ta hana shigo da yadi daga waje. Hanin ya daɗe kimanin shekaru 20. A nan ne, a ganina, zuciyar lamarin take.

Kare jaririyar masana'anta ba laifi ba ne. Ingila ta yi, Amurka ta yi, Japan ta yi. Koriya ta Kudu ma ta yi a daidai wannan zamani, sai dai ita ta ɗaura sharaɗi: za a ba ka rance mai sauƙi, a kare maka kasuwar gida, amma dole ka nuna abin da ka sayar a waje kowace shekara. Wanda ya gaza, a janye masa tallafi a ba wani. Kasuwar waje ita ce jarrabawar, domin baƙo ba ya sayen kayanka don kishin ƙasarka. A Najeriya an ba da kariyar, ba a nemi komai ba. Mai masaƙa yana da kasuwar mutane miliyoyi a rufe, duk abin da ya saƙa zai shige. Me zai sa ya kashe kuɗi ya canza injin da ke ba shi riba a haka? Masaƙu da yawa sun shiga shekarun 1990 da injinan saƙa masu ƙoshiya irin na shekarun 1960, alhali Asiya ta koma injinan da ke harba zare da iska ko ruwa, masu ninka gudu sau da yawa. Ba dukansu ba ne, gaskiya. UNTL ta zuba jari, atamfarta ta yi suna har a ƙasashen maƙwabta, kuma ba mamaki ita ce ta fi daɗewa a tsaye.

KTL kuwa matsalarta ta mallaka ce. Bayan dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977, hannun Turawan ya yi sauƙi, masaƙar ta zama dukiyar jihohin Arewa ta hannun kamfaninsu na zuba jari, NNDC. Jihohin suka yi ta ƙaruwa, daga 6 zuwa 10, har suka kai 19. Kowa na da haƙƙin kujera a hukumar gudanarwa, babu wanda ya ga wajibinsa ne ya sa kuɗin sabon inji. Haka kayan kowa ya zama kayan babu mai shi.

A gona ma abin ya fara lalacewa. Farin 1972 zuwa 1974 ya bugi Arewa. Kuɗin fetur ya shigo, ƙarin albashin ma'aikata da aka sani da Udoji ya ja matasa birni, naira ta yi ƙarfin da ya sa komai na waje ya fi na gida araha. Farashin da hukumar auduga ke ba manomi bai bi tsadar rayuwa ba, sai ya koma masara da dawa, abin da ko bai sayar ba zai ci. Kafin farkon shekarun 1980 masaƙun da aka gina don su ci audugar Arewa sun koma shigo da auduga daga waje. Sinadaran rini, kayan gyaran inji, zaren roba, duk dama daga waje suke zuwa. Da farashin fetur ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, lasisin shigo da kaya ya zama abin nema da hanya, masaƙu suka fara rage kwanakin aiki da sallamar ma'aikata. Wannan fa shekaru kusan 20 ke nan kafin Sin ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya.

SAP ya ba da hannun dama, ya karɓe da hagu

A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP. Naira da ke kusan kunnen doki da dala ta koma wajen 4 a dala 1 cikin shekara guda, ta ci gaba da gangarawa. Aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona, har da ta auduga.

Mutane sukan manta cewa faɗuwar naira ta ɗan farfaɗo da wasu masaƙun. Yadin Najeriya ya yi araha ga mai riƙe da sefa, 'yan kasuwa daga Nijar da Kamaru da Chadi da Benin suka riƙa zuwa Kantin Kwari suna lodi. A wancan lokacin fasa-ƙwaurin fita yake yi, masaƙun Nijar da Kamaru ne ke kuka da kayan Najeriya. Sai a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, wannan kasuwa ta tsuke a dare ɗaya. Fifikon da aka samu na canjin kuɗi ne, ba na ƙwarewa ba, shi ya sa canjin kuɗi ya tafi da shi.

Rushe hukumar auduga kuma ya bar giɓin da har yau ba a cike ba. Hukumar tana da laifuffukanta, ta daɗe tana tauye manomi. Amma ita ce ke raba iri mai kyau kowace shekara, ita ce ke tantance auduga daraja-daraja a wurin saye, ita ce ke hana cakuɗa iri. Da ta tafi, kowa ya zama mai saye. Irin da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar ya gauraye da na ko'ina, manomi ya koma shuka anguryar da ya samu a kasuwa, amfanin kadada ya ragu. Wasu suka koyi zuba ruwa ko yashi don nauyi. Sannan aka koma ɗura auduga a buhun leda, zaren buhun ya shiga cikinta, ba ya kama rini, sai ka ga fari-fari a jikin yadin da aka gama. Wannan ƙaramin abu ya zubar da darajar audugar Najeriya a idon masu saye na gida da na waje. Ƙasashen sefa irin su Mali da Burkina Faso da Benin ba su rushe nasu tsarin haka ba, sun riƙe kamfanonin da ke ba manomi iri da taki bashi su sayi amfanin, kuma su ne a yau ke kan gaba a noman auduga a nahiyar.

Sai wuta. Masaƙa ba shagon walda ba ce da za a jira a kawo wuta a ci gaba. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar kaɗi, zare ya tsittsinke a ɗaruruwan mazarai. In ana tsakiyar rini ne, yadin da ke cikin injin ya tashi daga aiki. Da NEPA ta zama abin da ta zama, kowace masaƙa ta koma kamfanin wutar kanta, da manyan janaretoci da tankunan dizal. Matatar Kaduna ta shiga tsayawa tana tashi, baƙin mai ya koma hannun 'yan bumburutu, ko a jawo shi a tanka daga kudu. Jirgin ƙasa ya mutu, komai ya koma kan titi. Ruwa ma sai masaƙa ta tace nata. Banki kuma yana neman ruwan da ya haura 20 cikin 100 a kan rancen gajeren lokaci, alhali injin saƙa sai ya yi shekaru kafin ya mayar da kuɗinsa. Abokin takararka a Asiya gwamnati ta kawo masa wuta da ruwa da hanya har ƙofa, shi saƙa kawai ya sani.

Da aka buɗe ƙofa

Najeriya ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 1995, gwamnatin Abacha ta ɗage hanin shigo da yadi a 1997, ba tare da wani shirin sauka a hankali ba. Sin ta shiga ƙungiyar a Disambar 2001. A ranar 1 ga Janairun 2005 tsarin ƙayyade yawan tufafin da kowace ƙasa za ta sayar a Turai da Amurka ya ƙare, masaƙun Asiya suka faɗaɗa ba iyaka. Gwamnatin Obasanjo ta maido da hanin a farkon shekarun 2000, amma a lokacin hanya ta riga ta buɗe: kwantena ta sauka a Kwatano ko Lome da takardar cewa Nijar za ta, ta hau zuwa Gaya ko Birnin Ƙonni ko Maraɗi, daga can a ratso da ita ta Jibiya ko Illela ko Maigatari, ta kwana a Kantin Kwari. Hanin bai hana kaya shigowa ba, ya dai hana gwamnati karɓar haraji, ya ƙara wa masu tsaron hanya abin shan ruwa.

Kuma kada mu yi kamar baƙi ne kaɗai suka yi wannan ciniki. 'Yan kasuwarmu ne suka ɗauki zanen atamfar gida suka kai Sin, aka buga musu irinsa sak, wani lokaci har da tambarin masaƙar da rubutun cewa a Najeriya aka yi. Zanen da masaƙa ta biya masu zane suka yi wata da watanni suna fitarwa, kafin ya gama zagaya kasuwa kwafinsa ya iso a rabin kuɗi. Uwar da ke haɗa lefe ko kayan sallar 'ya'ya biyar ba za a zarge ta ba don ta ɗauki turmi biyu a kuɗin ɗaya. Albashinta ma SAP ya cinye shi.

KTL ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka fita ba tare da an biya su haƙƙin sallama ba, suka shafe shekaru suna zarya da zanga-zanga, da yawa suka rasu suna jira. Nortex da Finetex da Arewa Textiles suka bi a 'yan shekarun da suka biyo. A 2007 UNTL ta rufe masaƙarta ta Kaduna, dubban mutane suka rasa aiki a lokaci ɗaya. Alƙaluman da aka fi ambata sun nuna ma'aikatan masaƙu a ƙasar sun sauko daga kimanin 137,000 a 1996 zuwa kimanin 24,000 a 2008. Ƙwararren mai gyaran injin kaɗi ya koma acaɓa ko gadi.

Akwai wata asarar da ba ta shiga lissafi. A ɗakin saƙa Musulmi da Kirista suna kan layi ɗaya, ƙungiya ɗaya, kukan albashi ɗaya. Shekarun da masaƙun ke mutuwa su ne shekarun rikicin 2000 da na 2002, lokacin da kogin Kaduna ya zama iyaka tsakanin mazauna gari. Ba na cewa rufe masaƙa ne ya haddasa rikicin. Amma wurin da ya fi haɗa mutanen nan kullum ya rufe a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Magungunan da aka gwada

A ƙarshen mulkin Obasanjo an yi shelar asusun naira biliyan 70 na farfaɗo da masaƙu, kuɗin bai kai hannunsu ba. Aka sake da naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu, wanda ya fara rabawa wajen 2010, kuma da shi UNTL ta sake buɗe ƙofa a ƙarshen wannan shekara da wani ɓangare na ma'aikatanta. Rancen ya taimaka wa waɗanda ke da sauran numfashi, sun biya tsofaffin basussuka, wasu sun sayi inji. Amma rance ba ya kawo wuta, ba ya tsare iyaka, ba ya gyara iri. Wanda ya karɓa ya koma cikin yanayin da ya kayar da shi da farko, sai dai yanzu da sabon bashi a wuya.

Siyasar kuma ta ci gaba da kwan-gaba-kwan-baya. An sassauta hanin shigo da yadi a 2010, an ɗage shi a 2015. A 2017 aka fitar da umarnin shugaban ƙasa cewa hukumomi su fifita kayan gida wajen sayayya, har da kayan sarki. A Maris 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi dala a farashin gwamnati, ya raba wa manoman auduga iri da rance. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, aka buɗe a Disambar 2020. A Oktoban 2023 aka janye hanin dalar. Mai jarin da zai kafa masaƙar da sai ta shekara 10 kafin ta dawo da kuɗinsa, wace doka zai yi lissafi da ita a cikin waɗannan? Bututun iskar gas na Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ya fi duk waɗannan asusu kusa da ainihin ciwon, domin shi ne zai iya sauko da kuɗin wuta da tururi.

Kaduna ba ita kaɗai ba ce. Akosombo a Ghana, wadda ita ma ta iyalan Cha ce a da, da CICAM a Kamaru, da masaƙar Yamai, da ta Sarh a Chadi, duk sun sha irin wannan wahala, kowace da nata salon. Abin da ke ba ni mamaki shi ne Bangladesh. Kusan duk audugar da take amfani da ita sayowa take yi, har daga Afirka ta Yamma. Ta faro ne daga ɗinki, a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da wani kamfaninta ya tura ma'aikata kimanin 130 Koriya ta Kudu su koyo aikin a wurin Daewoo. Da yawansu suka dawo suka buɗe nasu. Tun ranar farko kasuwar waje suka nufa, inda ba a yafe jinkiri ko karkataccen ɗinki, daga baya masaƙu suka tsiro don su ciyar da masu ɗinkin. Yau tana fitar da tufafin kimanin dala biliyan 40 a shekara, da ma'aikata wajen miliyan 4, yawancinsu mata, ko da yake albashinsu da yanayin aikinsu abin dubawa ne. Amurka ta buɗe wa Afirka ƙofar sayar da tufafi ba haraji da dokar AGOA a 2000. Lesotho da Kenya da Madagaska suka shiga da ɗinki, Najeriya mai masaƙu fiye da su duka fetur ta fi aikawa.

Benin kuwa, wadda ta tasharta ce mafi yawan dilolin da suka binne Kakuri suka ratso, yanzu tana cikin manyan masu noman auduga a Afirka. Ta keɓe yankin masana'antu a Glo-Djigbé, arewa da Kwatano, ita da kamfanin Arise, inda aka tanadi wuta da ruwa da hanya kafin a kira masu jari, kuma aka jera kaɗi da saƙa da rini da ɗinki a haraba ɗaya. Tuni an fara fitar da riguna daga can zuwa shagunan Amurka da Turai, da audugar da aka noma a Banikoara da Kandi, garuruwan da ba su da nisa da iyakar Kebbi.